Rubutu da Sauti a Gabatarwar Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da malamai da masu shagunan kwamfuta a Bauchi suka fi yi idan lokacin kare kundin bincike ya ƙarato, ko za a yi taron bita, ko malami yana son haɗa darasin da zai tura wa ɗalibansa ta waya. Mun fi kawo misali da PowerPoint domin ita ce a kan yawancin kwamfutocin da ake aiki da su daga Yelwa zuwa Gwallameji da Wunti. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke a rubuce a kan allo, don kada mutum ya nema ya rasa.

Wace manhaja ta fi dacewa in fara da ita?

Wadda za a samu a kan kwamfutar da za a nuna aikin. Idan PowerPoint ce a ɗakin taron, yi aikinka da PowerPoint. LibreOffice Impress kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, amma fayil ɗin da ya ƙetare daga wata manhaja zuwa wata yakan sauya tsari, musamman lokutan da aka ɗaura wa sauti. Wanda ke son darasi mai tambayoyi da maki, wanda ɗalibi zai latsa ya amsa, yana buƙatar manhajar haɗa darasi ta sosai irin su Articulate Storyline, Adobe Captivate, ko H5P wadda take kyauta kuma tana zama a cikin Moodle, dandalin koyarwa ta intanet. Duk abin da zai fita a tsarin Flash ka rabu da shi, tun ƙarshen Disamba 2020 aka daina tallafa masa.

Mene ne bambanci tsakanin rubutu a gurbin da ke kan shafi da kuma saka Text Box?

Gurbin da ka tarar a kan sabon shafi, wanda aka rubuta masa Click to add title, yana ɗaure da uwar tsarin gabatarwar. Idan ka shiga View, ka zaɓi Slide Master, ka canja salon haruffa ko launi sau ɗaya, duk shafuka za su bi. Akwatin da ka jawo da kanka ta Insert sannan Text Box ba zai koma inda ka mayar da gurbin ba, kuma rubutunsa ba ya fitowa a Outline View. Saboda haka take da jigon bayani su shiga gurbinsu, akwatin rubutu kuma a bar shi don ƙananan abubuwa kamar sunan da za a liƙa a ƙarƙashin hoto.

Abu guda da ke ɓata aiki a ɓoye shi ne yadda gurbin ke matse rubutu da kansa idan ya yi yawa. Ka ga shafi na uku haruffa manya, na huɗu ƙanana, ba ka taɓa komai ba. Danna-dama a kan gurbin, Format Shape, sashen Text Box, ka zaɓi Do not Autofit. Daga nan idan rubutu ya yi ambaliya za ka gani da idonka, ka raba shi shafi biyu. Idan kuma daga Word kake kwaso rubutu, wajen liƙawa zaɓi Keep Text Only don kada ya zo da kayansa.

Wane girma ya kamata haruffa su kai, kuma layi nawa a shafi?

Take daga 36 zuwa 44, jikin bayani daga 24 zuwa 28. Ƙasa da 20 na bayan aji ba zai karanta ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka buɗe shafin ya cika allon laftof, ka ja da baya taku huɗu ko biyar. Abin da ya gagare ka karantawa zai gagari rabin ɗakin.

Azuzuwanmu da yawa ba su da labule, rana kuma tana shigowa ta taga har bango. A irin wannan wuri baƙin rubutu ko shuɗi mai duhu a kan farin fage shi ke tsira. Ja a kan kore, ko rawaya a kan fari, majigi yana wanke su tas.

Batun yawan layi kuwa, idan akwai murya a shafin, rubutu ba aikinsa ba ne ya maimaita ta. Ɗauki darasi a kan Yankari. A shafi ya isa a ga: Yankari, Ƙaramar Hukumar Alkaleri, an keɓe dajin a 1956, an buɗe wa jama'a a 1962, ruwan Wikki, kusan digiri 31. Layi huɗu ke nan. Bayanin giwaye da yadda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin dutse aikin murya ne. Ido ya fi baki sauri, idan ka zuba duk maganar a rubuce mutane za su gama karantawa su bar ka kana ta magana kai kaɗai. Suna, shekara, adadi da kalmar da ake son a iya rubutawa, su ne rabon allo.

Malam, na rubuta ɓ, ɗ da ƙ lafiya a kwamfutata, amma a wata kwamfutar sun koma akwatuna. Me ya jawo?

Salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su, ko kuma babu shi sam a ɗaya kwamfutar. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda kwamfutoci ke bi wajen gane haruffan harsunan duniya, amma ba kowane salo ne aka zana masa duka haruffan ba. Idan PowerPoint ta nemi harafi ta rasa, ko ta aro shi daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fi sauran kauri ko ta ɗan yi tsalle daga layi, ko kuma ta ajiye akwati.

Akwai dalilin da ya sa wani lokaci ƙ take fitowa amma ɓ da ɗ su ƙi. Ba unguwarsu ɗaya ba a cikin Unicode. Ƙ, ƙ, Ɓ da Ɗ suna rukunin Latin Extended-B, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin IPA Extensions. Mai zana salo yana iya cika rukuni ɗaya ya bar ɗayan. Don haka kafin ka amince da kowane salo, rubuta wannan a shafin gwaji: Ɓarawo ya ɓoye, Ɗanladi ya ɗauka, Ƙasimu ya ƙi. Ka mai da shi mai kauri, ka mai da shi na gicciye, ka duba ko duk ƙugiyoyin sun zauna daidai da 'yan'uwansu.

Arial, Times New Roman da Segoe UI na sababbin Windows suna da su. Cikin na kyauta akwai Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, ya dace da darasin firamare da na yaƙi da jahilci. Salon ado da ake saukowa da su don katin biki, mafi yawansu ba su san da haruffanmu ba.

Idan salon da ka zaɓa ba ya zuwa tare da Windows, dole ka cusa shi a cikin fayil ɗin. Shiga File, Options, Save, ka sa alama a Embed fonts in the file. Zaɓi biyu ne a ƙasa: na farko yana ɗaukar haruffan da ka yi amfani da su kaɗai, fayil ba ya nauyi amma gyara a wata kwamfutar zai yi wuya, na biyu, Embed all characters, shi ne na wanda zai ba wani ya ci gaba da aikin. Wasu salon lasisinsu bai yarda a cusa su ba, PowerPoint za ta faɗa maka lokacin ajiyewa. Idan haka ta faru, Home, kibiyar Replace, Replace Fonts, ka musanya shi a duk gabatarwar a bugu ɗaya.

Masu rubuta Fulfulde, su ma wannan ya shafe su, sai dai su ƙara ƴ da ŋ a layin gwajin.

Ta yaya zan buga haruffa masu ƙugiya ba tare da kwafowa daga wani wuri ba?

Hanya mafi ɗorewa ita ce ƙara Hausa a Windows: Settings, Time & Language, sashen harshe, ka ƙara Hausa da madannanta. Maɓallin Windows tare da Space yana sauya ka tsakanin Turanci da Hausa. Buɗe On-Screen Keyboard sau ɗaya ka ga inda kowane harafi yake.

Idan kwamfutar ba taka ba ce, Insert sannan Symbol, ka buga lambar a gurbin Character code: 0253 ita ce ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 0181 Ɓ, 018A Ɗ, 0198 Ƙ. A Word ana buga lambar a danna Alt da X ta rikiɗe harafi, amma wannan dabarar ba ta aiki a PowerPoint. A waya kuwa Gboard, madannin Google, yana da Hausa, kuma mutane da yawa sun fi samun sauƙin rubuta bayanin a waya su tura wa kansu.

An ba ni tsohon rubutu, ina ganin ha}uri, ka]ai da ta~a. Wani kuma qasa, xaya da vata. Ya lalace ne?

Bai lalace ba. An buga shi ne da tsofaffin salon Hausa irin su Rabi'at, waɗanda aka yi kafin Unicode ya yaɗu. Dabararsu ita ce a zana ƙugiya a mazaunin wata alama, idan salon yana nan ka ga ƙ, idan babu shi asalin alamar ta bayyana. Kada ka nemi salon ka saka, matsalar za ta bi ka duk inda ka kai fayil ɗin. Danna Ctrl da H, ka musanya kowace alama da harafin gaskiya, ka sa alama a Match case don manya da ƙanana kada su cakuɗe. Da q, x da v a yi hattara: idan akwai kalmomin Turanci a ciki, bi su ɗaya bayan ɗaya da Find Next maimakon Replace All.

Jan layi ya cika ƙarƙashin rubutuna, kuma alamar da ke gaban 'ya'ya tana juyawa.

Jan layin ba ya fitowa lokacin nunawa, amma idan yana damun ka, zaɓi rubutun, Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling. Wanda ya fi haɗari shi ne AutoCorrect, domin yana canja kalma ba da saninka ba. Shiga File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, ka cire Replace text as you type. A shafin AutoFormat As You Type kuma ka cire musanya madaidaiciyar alamar zance da lanƙwasasshiya. Ita ce ke juya alamar 'y a farkon kalma tana zaton zance za ka buɗe.

Ina son saka aya ko rubutun ajami. Me ya sa haruffa suke rarrabuwa ko su juya?

Akwatin bai san daga dama ake farawa ba. Ƙara Larabci a File, Options, Language, ka rufe PowerPoint ka sake buɗewa. Maɓallin Right-to-Left zai bayyana a Home kusa da na daidaita layi. Larabci ya samu akwatinsa daban, fassara ta samu nata. Haɗa su a layi ɗaya ne ke sa ɗigon ƙarshen jimla da lamba su yi ta musayar wuri. Kada a kwafo Larabci daga PDF, sau da yawa a wargaje yake zuwa.

Ga Larabci akwai Traditional Arabic, Sakkal Majalla da Amiri. Ga ajami SIL ta fitar da Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi ne a kan salon hannun da aka saba gani a allo da littattafan ƙasar Hausa. Wasulla suna ƙanana, don haka ƙara girman ya kai 36 ko fiye, ka buɗa tazarar layi. Kuma duk ayar da za ta hau allo, a ba wanda ya sani ya duba ta da Alƙur'ani a hannu kafin ranar.

Yaya ake saka sauti a shafi?

Je shafin da kake so, Insert, Audio, Audio on My PC, zaɓi fayil ɗin ka danna Insert. Hoton lasifika zai bayyana a tsakiya. Da ka taɓa shi, sashen Playback zai fito a sama, kuma duk aikin yana can.

Start shi ne mai yanke yadda sauti zai tashi. Automatically yana tashi da zarar shafin ya buɗe. When Clicked On sai ka kai linzami kan hoton lasifikar. In Click Sequence yana jiran latsawa ta gaba, kamar sauran motsin shafi. Wanda zai tsaya gaban jama'a ya fi samun nutsuwa da na ukun, domin shi ke riƙe da lokacin. Darasin da zai tafi shi kaɗai kuwa Automatically ne nasa. Hide During Show yana ɓoye hoton, amma kada ka haɗa shi da When Clicked On, don ba za ka sami abin latsawa ba. Trim Audio yana da alama kore ta farko da ja ta ƙarshe, ka ja su ka yanke shirun da ke gaba da baya. Fade In da Fade Out na rabin daƙiƙa zuwa ɗaya suna hana sauti faɗowa kamar an banko ƙofa.

MP3, M4A da WAV su ne ba sa ba da wahala.

Malama ce ni, na yi bayanin da saƙon murya na WhatsApp, amma PowerPoint ta ƙi karɓa.

Saƙon murya na WhatsApp a tsarin Opus yake, Malama, kuma PowerPoint ba ta saba da shi ba. Canja sunan fayil ɗin zuwa mp3 ba ya canja abin da ke ciki. Ki buɗe VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, ki shiga Media, Convert / Save, ki ƙara fayil ɗin, a Profile ki zaɓi Audio - MP3, ki ba shi suna da wurin ajiya, ki danna Start. Zai shiga, sai dai an riga an matse muryar tun wajen aikawa, kuma a babbar lasifika za a ji. Idan da hali ki sake ɗauka da manhajar ɗaukar murya ta wayar, ki tura wa kwamfuta ta kebul ko a matsayin Document.

Ba ni da situdiyo. Yaya zan ɗauki murya mai tsabta a gida?

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Waya mai matsakaicin kuɗi a ɗakin da ke da katifa, labule, darduma da kaya a rataye za ta fi makirufo mai tsada a ofis mai tayil da bango tsirara, domin bango yana dawo da murya, kuma amsa-kuwwa ba ta goguwa bayan an ɗauka. A kashe fanka, a nisanci firji, a rufe taga. Idan janaretan maƙwabta na aiki, a jira. Lokacin da gari ya fi shiru shi ne bayan an fito sallar asuba kafin 'yan acaɓa su cika titi, ko can bayan isha'i. Da damina, ruwa a kan rufin kwano ba shi da magani sai haƙuri. Da hunturu kuma a ajiye ruwan ɗumi kusa, busasshen baki yana ƙara wata ƙaramar ƙara tsakanin kalmomi wadda makirufo ba ya yafewa.

Tazarar baki da makirufo ta zama kamar ɗani guda, santimita 15 zuwa 20, kuma kada a fuskance shi kai tsaye, a ɗan kauce gefe don iskar f, b da t ta wuce. Waya a ɗora ta a kan littattafai da ƙyalle a ƙarƙashi, a sa ta a yanayin jirgi; riƙe ta a hannu yana shigar da motsin yatsu. Makirufon maƙalawa a riga ya zauna a ƙirji, inda hijabi ko babbar riga ba za su riƙa gogarsa ba.

Duba bakin filoginsa. Mai zobe uku baƙaƙe na waya ne da laftof mai rami ɗaya. Mai zobe biyu na kyamara ne da kwamfuta mai ramin makirufo daban. Idan aka saka wani a ramin wani, na'urar za ta ci gaba da ɗauka da makirufonta na ciki, kai kana zaton sabon ne ke aiki. Ƙwanƙwasa shi da farce ka ga ko ma'auni ya motsa.

Idan da Audacity, manhajar ɗaukar sauti da gyara shi, kake ɗauka, ma'aunin ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6. Da ya taɓa 0 murya ta fashe, kuma ba ta ɗinkuwa. Rubuta abin da za ka faɗa tukuna, ka karanta shi da ƙarfi sau ɗaya, duk jimlar da ta ƙure maka numfashi ka raba ta. Kowane shafi da fayil ɗinsa, da suna irin shafi01, shafi02, don idan ka yi tuntuɓe a na bakwai shi kaɗai za ka sake. A farkon ɗauka ka bar daƙiƙa uku ba magana, za su yi amfani.

Na riga na ɗauka, akwai shuu a bayan muryar. Za ta gyaru?

Idan ƙarar iri ɗaya ce ba ta canjawa, za ta ragu. A Audacity, zaɓi daƙiƙun nan da ba ka yi magana ba, Effect, Noise Reduction, Get Noise Profile. Sannan zaɓi duka, ka koma wurin, ka sa ragin tsakanin 6 da 12, ka saurara da Preview. Idan ka zarce, muryar za ta koma kamar daga cikin randa ake magana. Gara a bar ɗan shuu. High-Pass Filter a kan 80 yana cire gurnanin ƙasa. Ƙugin wutar lantarki a Nijeriya a kan 50 yake, Notch Filter a wannan lambar yana rage shi. A ƙarshe Normalize zuwa -1 ga kowane fayil, don kada wani shafi ya yi raɗa wani ya yi tsawa. Kukan zakara ko hon ɗin mota da ya hau kan kalma ba ya fita, sake ɗaukar jimlar ya fi sauri.

Me ya sa fayil ɗina ya kai megabait 200?

Lissafi ne. WAV mai ingancin faifan CD, wato 44,100 a daƙiƙa, bit 16, kunne biyu, yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya. Bayanin minti 20 ya kai 200 ke nan. MP3 a kan 128 kbps kusan megabait ɗaya ne a minti, a kan 64 kbps mono kuma rabin haka, kuma ga muryar mutum ɗaya ya wadatar. Ajiye WAV ɗin a matsayin asali, ka fitar da MP3 don gabatarwa. A sani cewa Trim Audio ɓoye ɓangaren yake yi, ba ya jefar da shi. Sai ka shiga File, Info, Compress Media kafin nauyin ya sauka. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale.

Ina son kowane layi ya fito daidai lokacin da murya ta ambace shi.

Hanya biyu ce. Ta farko, ba kowane layi motsin Appear ko Fade, ka buɗe Animation Pane, sautin ya zama na farko a jeri, sauran ka sa musu With Previous, ka ba kowanne Delay gwargwadon daƙiƙar da aka ambace shi. Tana aiki, amma duk ranar da ka sake ɗaukar murya sai ka sake lissafi.

Ta biyu ta fi daidai. Kunna sautin a kan shafi, da ya iso inda aka ce 1956 ka tsayar, ka danna Add Bookmark a Playback. Yi haka ga kowane wuri. Sannan zaɓi layin, Animations, ba shi motsi, Trigger, On Bookmark, ka zaɓi alamarsa. Yanzu muryar ce da kanta ke kiran rubutun. Ajiye alamar kamar rabin daƙiƙa kafin kalmar, ido ya riga kunne kaɗan. Haruffa masu tsalle ko juyi, da ƙarar tafi ko ta keken rubutu a kan kowane layi, a bar su; gaban malaman da za su ba ka maki ba wurinsu ba ne.

Na yi amfani da Record Slide Show, amma farkon maganata a kowane shafi yana yankewa.

PowerPoint ba ta ɗaukar murya a lokacin da take sauya shafi, domin kowane shafi da nasa sautin take ajiyewa. Gama jimla, yi shiru, sauya shafi, ƙirga ɗaya biyu a zuci, sannan ka ci gaba. Amfanin wannan tsari shi ne idan shafi ɗaya ya ɓaci, Clear sannan Clear Narration on Current Slide, ka sake shi kaɗai. Idan kuma daga baya za ka gabatar da bakinka, je Slide Show ka cire alama daga Play Narrations da Use Timings, in ba haka ba shafuka za su riƙa gudu suna barin ka, muryarka ta jiya tana katse ta yau.

Yaya sauti ɗaya zai bi duk shafuka?

Saka shi a shafin farko ka danna Play in Background. Wannan yana kunna abu huɗu tare: tashi da kansa, bin shafuka, maimaitawa, da ɓoye hoton. Idan a shafi na biyar kake son ya tsaya, Animation Pane, danna-dama a kan sautin, Effect Options, a Stop playing za ka ga After 999 slides, ka mai da shi 5.

Idan akwai magana a kai, Volume ya koma Low, ko ka haɗa su tun a Audacity: kiɗa a layin sama, murya a layin da ke ƙarƙashinsa, zaɓi kiɗan ka sa Auto Duck, zai riƙa sunkuyawa duk lokacin da aka yi magana. Waƙa mai baiti ba ta zama a ƙarƙashin bayani, kunne ba ya bin baki biyu. Karatun Alƙur'ani ba a sa masa komai a ƙasa, ba a kuma yanke shi a tsakiyar aya. Waƙar wani kuma haƙƙinsa ce. Idan aikin zai hau YouTube ko Facebook ana iya toshe sautin.

A kwamfutata sauti yana tashi, na kai filash wani wuri ya ce ba a sami fayil ba.

Sautin bai shiga cikin gabatarwar ba, hanyar zuwa gare shi kawai aka ajiye. Haka ke faruwa idan an zaɓi Link to File wajen sakawa, ko an yi aikin da PowerPoint 2007, wadda WAV ƙarami kaɗai take haɗiyewa, a bisa tsarinta na asali wanda bai wuce kilobait 100 ba. Daga 2010 zuwa sama Insert yana cusa sautin ciki. Don ka tabbatar, kwafi fayil ɗin, canja ƙarshen sunan kwafin daga pptx zuwa zip, buɗe shi, shiga folda ppt sannan media. Duk sautin da ke ciki yana nan a jere. Wanda babu shi a nan bai taho ba. Ta wannan hanyar ma ake ciro murya daga gabatarwar da asalin fayilolinta suka ɓata. Idan File, Info ya nuna Optimize Compatibility, danna shi. A ajiye a pptx, kada a koma tsohon ppt.

Na haɗa majigi a ɗakin taro, hoto ya fito amma sauti ya ɓace, ko lasifika tana ƙugi.

Kebul ɗin HDMI yana ɗaukar hoto da sauti tare, saboda haka Windows takan mai da sautin ga majigin, wanda lasifikarsa ƙarama ce ko babu. Danna hoton lasifika kusa da agogo, ka mai da fitar sauti ga Speakers ko Headphones. VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, hoto kaɗai yake kaiwa, sauti sai an ja masa tasa waya.

Lasifikar laftof ba ta wuce layin gaba. Kara makirufo a jikinta kuma kuka yake jawowa. Abin da ake buƙata shi ne waya mai kan iyafis, milimita 3.5, a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma RCA ja da fari ko manyan filogi biyu na miksa. Ta shiga ramin Line, ba na Mic ba. Sautin laftof ya tsaya wajen kashi 70 cikin 100, a ƙara sauran daga miksa. Idan ƙugi ya tashi, zare cajar laftof. In ya ɗauke, daga wutar ne, sai a yi gabatarwar a kan batir ko a haɗa laftof da amfilifaya a soket ɗaya. Don haka a zo da batir cike, dama ana iya ɗauke wuta ana tsaka da magana. Tsohon majigi mai 1024 da 768 fasalin 4:3 gare shi; idan shi za a samu, a canja a Design, Slide Size tun kafin a jera rubutu, domin canjawa daga baya tana tura akwatuna inda ba a ajiye su ba.

Ɗalibaina a waya za su kalla. In tura musu pptx ɗin?

A'a, mai da shi bidiyo. Manhajojin waya sukan canja salon haruffa, su watsar da lokutan da ka tsara, wasu ma ba sa kunna sautin. File, Export, Create a Video, zaɓi 720p, ko 480p idan data ce damuwa kuma haruffan manya ne. Tabbatar an zaɓi Use Recorded Timings and Narrations. Shafin da ba shi da lokaci daƙiƙa 5 zai samu sai ka canja. A bidiyo ƙugiyoyi da ajami sun zama hoto, babu wayar da za ta ɓata su. Darasi mai tsawo a raba shi kashi-kashi na minti biyar zuwa bakwai. Wajen turawa a WhatsApp a zaɓi Document, don kada a sake matse shi ƙananan haruffa su dushe. PDF yana riƙe rubutu da kyau amma ba ya ɗaukar muryar, sai dai ya raka bidiyon don mai son bita.

A Google Slides fa?

Sai ka fara ɗora sautin a Google Drive, MP3 ko WAV, sannan Insert, Audio. Fayil ɗin sautin yana da izininsa daban da na gabatarwar, idan ba ka buɗe shi ga masu kallo ba, su za su ga hoton lasifika kawai. Kuma yana buƙatar intanet a lokacin nunawa, don haka a ɗakin da sabis ke rawa a riƙe kwafin bidiyo a filash.